Hular Kwanon Da Na Sa Aka Shafa Wa Fenti

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karantawa, manya da yara. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya karanta har ƙarshe tukuna, in ya so ya zaga. Ni dattijo ne, furfura ta gama cinye mini gemu, ban taɓa zaton zan zo ina baje cikina a gaban mutanen da ban sani ba. Amma wannan maganar na kasa kai ta wurin limaminmu, na kasa faɗa wa matar da muka tsufa tare, kuma in na ci gaba da riƙe ta ni kaɗai wallahi kashe ni za ta yi.

Gwanjo nake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët, nan Libreville. Tun ina saurayi na baro Kano, kuma da dilar gwanjon nan na yi aure, da ita na ciyar da gida, da ita na kai ɗana na fari makaranta har ya zama injiniya. Injiniya kowa ke ce masa, ni ma haka zan kira shi a nan. Da kuɗin mai ya zubo wa ƙasar nan kamar an ɓalle famfo, sai Allah ya ba shi aiki a wani kamfanin mai, ya yi aure, ya gina gida a unguwar Angondjé. Yaron kirki ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, ba abin da ya rage mu da shi ni da uwarsa. Aibinsa ɗaya ne, ya tsani sana'ata. Kullum maganarsa, "Baba ka rufe shagon nan, me mutane za su ce?" Da matarsa ta haihu na zauna na tsinto wa jaririyar kaya na ɗaya, waɗanda ko hannun mai saye ban bari ya taɓa ba, na kai musu da kaina. Ya ɗaga riga ɗaya da yatsa biyu ya shinshina, ya ce, "Haba Baba, don Allah ka daina kawo mana abin da wasu suka tuɓe." A gaban matarsa fa. Na yi dariya na kwashe kayana, amma maganar nan ta zauna mini a ƙirji, ta ƙi tashi. Wai yaron da gwanjo ya yi wa ƙashi da tsoka shi ne yau yake toshe hanci?

To ana nan sai ya zo da labarin zai ɗauki hutu, su tafi Faransa shi da abokan aikinsa, can kan duwatsu, su yi wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara. Wai wani allo ne mai faɗi, a ɗaure wa mutum ƙafafu duka biyu a kai, ya sulalo daga saman tudu. Uwarsa ta ce, "Yanzu kai da hankalinka za ka biya kuɗin jirgi ka je a ɗaure maka ƙafa a turo ka daga dutse? Wa ka kashe?" Ya yi ta dariya. Bai taɓa ganin ƙanƙarar ba sai ta firij, amma ya ɗauki abin nan da zafi kamar jarrabawa. Kullum da safe yana bakin teku yana gudu a cikin yashi wai ƙafafunsa su yi ƙarfi. In muka je gidansa ranar Lahadi sai mu tarar da shi tsaye a kan wani guntun katako a tsakiyar falo, ya lanƙwasa gwiwa, ya buɗe hannuwa, yana kallon Turawa a kwamfuta yana kwaikwayo. Ya shimfiɗa katifa yana koyon faɗuwa, wai darasin farko ke nan, kada mutum ya tokare da tafin hannu ya karye. Har hannu yake zurawa a cikin firiza ya ga iya daɗewar da zai yi, matarsa na dariya tana cewa ya fitar mata da hannu daga cikin kifinta. Wallahi gidan nan ya yi daɗi a lokacin, ni kaina na yi dariya har da hawaye.

A ɗaya daga cikin ranakun nan ne ya lissafa mana abin da zai nema. Allo da takalmi haya zai yi a can. Riga mai kauri, wando, safar hannu, tabarau da hular kwano kuwa sai ya sauka zai saya, tunda ba inda za ka same su sababbi a garin da zufa ke bin mutum har cikin wanka. Ya ce wanda zai koyar da su a can ya jaddada musu hular, domin ɗan koyo ta baya yake yawan faɗuwa. Na ji da kunnena, ba zan ce ban ji ba. Amma me na ɗauka? Na ɗauka tsoron Turawa ne kawai, mutanen da ko keke sai sun sa hula. Ni dusar ƙanƙarar da na sani ita ce ta talabijin, fara tas kamar auduga, yara na jifan juna da ita suna birgima suna tashi. Wa ya taɓa fasa kai a kan auduga? Ban san tana daskarewa ta koma kamar daɓen siminti ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

Abin da shi bai sani ba shi ne duk kayan da ya lissafa suna jibge a bayan shagona. Kayan sanyi suna zuwa mana a dila ba mu da yadda za mu yi da su, ba mai saye. Har hular kwano akwai guda ɗaya, baƙa, ta zo a buhun tarkace tare da jakunkuna, sai dai tana da tsaga daga ƙeya zuwa wajen kunne, kuma farin abin nan na ciki ya lotsa a daidai wurin. Nan shaiɗan ya zauna mini a kafaɗa. Na ce bari in nuna wa yaron nan hancin da yake taƙama da shi ba ya jin komai. Duk ɗan gwanjo ya san yadda ake kashe warin dila: a wanke, a shanya a inuwa, a sake wankewa, a goge, a naɗe a sabuwar leda, a maƙala takardar shago. Na yi wa rigar da wandon da safar haka, har ni kaina na fara shakkar ko sababbi ne. Hular kuma na kai wa wani mai fentin mota, mutumin Garwa, a unguwarmu ta London. Ya juya ta, ya bi tsagar da farce, ya ce, "Alhaji, wannan sawa za a yi ko ado?" Na ce ado ne, a shago zan rataye. Kun ji ƙarya ta farko. Ya cike tsagar da ƙullun da suke cike lotsar mota, ya goge, ya feshe ta da baƙin fenti, ta fito tana ɗaukar ido.

Na kai wa Injiniya kayan na ce wani abokina Alhaji ne ya sayo mini a Paris. Ya buɗe ledar ya shinshina, ya ce, "Baba ka ji ƙamshin sabon kaya? Ka ga bambanci?" Ya sa hular ya tsaya a gaban madubi, sannan ya zo ya durƙusa ya riƙe hannuna yana godiya, wai bai san ina bin abin nasa da zuciya haka ba. Ni kuwa ina dariya a ciki. Niyyata, Allah shi ne shaida, in ya dawo mu zauna cin abinci in ce masa, "To Injiniya, yaya gwanjona ya yi maka a Turai?" a yi dariya, ya ji kunya kaɗan, shi ke nan. Ranar tafiya a filin jirgi matarsa ta ce masa, "In ka sauka ka bari mutanen can su duba maka hular, in ba ta yi ba ka sayi wata." Ya ce, "Ta Baba ta ishe ni." Ina tsaye a wurin. Baki gare ni. Me ya hana ni magana? Me zan rasa in na ja shi gefe na ce ɗana wasa nake yi, ka sayi sabuwa? Girman kai ne, ba wani abu ba, ina son in ci dariyata.

Bai yi nisa da fara koyon ba abokin aikinsa ya bugo waya. Ina shago ina ciniki. Ya ce gefen allon ne ya maƙale a ƙanƙara, Injiniya ya faɗi ta baya, ƙeyarsa ta bugi inda ƙanƙarar ta daskare, hular ta rabe biyu, jirgi mai saukar ungulu ya ɗauke shi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin kayan mutane ba. Matarsa ta bi shi can, ya daɗe bai san inda yake ba. Da aka dawo mana da shi, jama'a, ba yaron da na raka filin jirgi ba ne. Magana sai ya ja ta da ƙyar, hannun dama ba ƙarfi, ya ga mutum ya manta sunansa, ga fushi ba dalili, ga farfaɗiya da ke kayar da shi duk ranar da bai sha magani ba. Kuma ya sa wa ransa wai cutar da shi ake so a yi. Matarsa ta miƙa masa ƙwaya ya watsar, uwar da ta haife shi ta miƙa ya juya kai. Ni kaɗai yake karɓa a hannuna. Kun san dalili? Da ya farfaɗo a asibiti wani ya ce masa ba don hular ba da ya mutu nan take, shi ke nan ya riƙe wannan, duk abin da ya manta bai manta da shi ba. Duk wanda ya zo dubiya sai ya nuna ni ya ce, "Baba... ya cece ni." A masallaci ana ta sa mini albarka, wai uba na gari. Ina amsawa da amin.

Safe da yamma ina shiga tasi daga London zuwa Angondjé in ba shi magani. Na taɓa tambayar likitan da ke duba shi a nan, a kaikaice, na ce da a ce hular mai ƙwari ce fa? Ya ce ba wanda zai iya rantsewa, amma hular da ta taɓa shan bugu ta gama aikinta, ba a sake dogara da ita. Na so a ce ya ce mini ko da sabuwa ce haka za ta faru. Bai ce ba.

Yanzu ga inda ƙasa ta tsage. Ashe asibitin can sun haɗo wa matarsa ɓarin hular a cikin jakarsa. Makon jiya na fito daga ɗakinsa ta tare ni a baranda, ta durƙusa har ƙasa kamar yadda ta saba, ta ajiye ɓarin a gabana. Fentin ya ɓamɓare, ƙullun nan na mai fentin mota ya fito fili, toka-toka. Ta ce, "Baba, wannan mene ne?" Ta ce, "Wane Alhaji ne ya sayo ta a Paris? Ka faɗa mini sunansa." Na ce 'yata ki yi wa Allah ki rufa mini asiri. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Hawaye kawai take yi. Ta ce masu inshorar kamfaninsu suna tambayar hular da inda aka saye ta, ita ba za ta sa hannu a kan ƙarya ba. Ta ce, "Ni nake wanke shi, ni nake kwana a zaune, amma ni yake kira maƙiyiya, kai yake sa wa albarka. Baba, ban iya ba. Ka faɗa masa da bakinka kafin watan nan ya ƙare, in ba haka ba ni zan faɗa." Kuma ina da bakin cewa ba ta da gaskiya? Wallahi tana da ita.

Ba tonon asirin nake tsoro ba, na rantse. A tsine mini a Mont-Bouët, uwarsa ta bar mini gida, duk na cancanta. Abin da ke hana ni numfashi shi ne ranar da ya san ni ne, daga hannun wa zai sha magani? Likita ya ce in farfaɗiyar nan ta ci gaba da kayar da shi, kowace faɗuwa tana iya zama ta ƙarshe. In na yi shiru yarinyar nan za ta faɗa, kuma ko ba ta faɗa ba ina kallon ta tana ƙarewa a kan laifin da ba nata ba. In na yi magana na cire masa mutum ɗayan da ya rage masa a duniya. Na yi istigfari har harshena ya gaji, ban ga ƙofa ba.

Yau da safe na ba shi ƙwayoyin ya haɗiye, ya buɗe baki ya nuna mini ya shanye kamar ƙaramin yaro. Da zan tashi ya kama mini wuyan hannu da hannunsa mai lafiya, ya leƙa ƙofa ko matarsa na ji, sannan ya ce a hankali, "Baba... kada ka mutu... ka bar ni da su."

Jama'a, watan ya kusa ƙarewa. Don Allah, don Annabi, me zan yi?