Boris a Kaskon Kifi

Inna,

Na tafi wajen garken bareyin ƙanƙara da muke kiwo, ban tashe ki ba. Jiya a hanyar dawowa babur ɗin ƙanƙara ya yi ta kuka, ashe boris ɗin ƙafar da ke juya bel ne ya cinye. Da safen nan na canza shi.

Ki yi haƙuri, a kaskon kifinki na ɗumama sabon don ya shige, yadda Baba yake yi. Duk giris ne, kada ki taɓa, da yamma zan wanke.

Tun rasuwarsa yau na fara wannan aikin ni kaɗai. Sau biyu ina miƙa hannu baya ya ba ni sifana kamar da, har hannun ya yi sanyi.

Ɗanki, Heaika