Hular Kwanon Kofur

Zuwa ga Kofur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah ya kai haske makwancinka, ni ce. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, don babu ɗan aiken da ke zuwa inda kake ya dawo. Ko da kana raye ma ai ba ajamin ka iya ba, sai dai in karanta maka kana gyaɗa kai. Amma magana ta cika mini ciki, kuma duk faɗin Garo ba ni da wanda zan amayar wa in ba kai ba. Shi ya sa na ari tawadar mahaifina Malam, tunda shi yanzu idonsa ya tafi, ba ya rubutu.

Gida lafiya. Gyaɗa ta yi kyau bana, har an kai saura Gwarzo an auna. 'Yarka Ladi ta haihu a Dugabau, namiji, an mayar da sunanka. Katangar bayan gida da ka yi ta cewa gobe za ka gyara ta gaji da jiranka, ta zube da ruwan Agusta. Duk wannan ba shi ya sa na zauna rubutu ba. Maganar ɗanka ce na fari. Tun kaka ya tayar da ballin sai ya shiga soja, kuma hularka ce ta jawo.

Ka tuna ranar da na fara ganinka a kasuwar Gwarzo? Ka zo hutu daga bariki, ni ina tallan fura. Kakinka ya sha guga, ga jar ɗamara, ga jar dara a ka, ka karkata ta gefe guda, tuntunta yana lilo duk inda ka juya. Ka sayi fura ba ka sha ba, ka tsaya kana ta surutun banza. Yau zan faɗa maka abin da ban taɓa faɗa ba: hular na fara so kafin kai. Sai da aka ɗaura aure ka tuɓe ta na ga ashe kan naka kamar goran nono yake. Ban yi da-na-sani ba, kada ka ce na ce. Amma wallahi har gobe ban ga namijin da dara ta yi wa kyau kamarka ba. Yadda kake kakkaɓe ta da gefen hannu, ka busa mata iska, ka kife ta a kan tulu don kada ta lanƙwashe, duk suna idona.

Da Turawa suka ce za su ƙetare teku da ku, ka zo sallama. Malam ya shiga ɗaki ya rubuta maka laya, baduku ya rufe ta da jan fata, ni kuma na ɗinke ta a cikin darar da hannuna, don ita na sani a kanka. Kowa a Garo ya ji an sa wa Kofur laya a hula.

Shekarun da ka yi a Burma ba sai na ba ka labarinsu ba, kai ma ka san naka rabon. Ranar da mota ta sauke ka a Gwarzo ka rame kamar kara, kunnen hagu ya daina ji, babu dara, sai wata hular ƙarfe mai kama da kwanon tuya ɗaure a jikin jakarka. Ta lotse sama da kunne, lotsawar da za a iya kwantar da ƙwai a ciki. Ka ce Baturenku ya bar maka ita tunda ta lalace. Kafin ka iso gida labari ya riga ka: ƙarfe ya sami Kofur a ka, layar Malam ta mayar da shi. Maza suka cika zaure suna sa yatsa a ramin suna salati. Kai kuwa ka sunkuyar da kai, ba ka ce e ba, ba ka ce a'a ba.

Sai da aka kwana biyu, muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ka gaya mini gaskiya kana dariya har da hawaye. Ka ce tun kafin a kai ku Ikko aka karɓe darar kowa aka zuba a sito, aka ba ku malafar yadi da hular kwano. Layar Malam ko warin teku ba ta ji ba, tana can a bariki asu yana ci. Ka ce in rufa maka asiri, surukinka ne, ba za ka kunyata shi a gaban garinsa ba.

Daga baya, a hankali, ka gaya mini sauran, wanda babu dariya a ciki. Ka ce hular kwano ba ta tare harsashin da ya nufo mutum kai tsaye, ka ga wanda ya shige ta ya fita ta baya. Abin da take tarewa shi ne ɓaraguzan ƙarfen da ke watsuwa in igwa ta fashe, da duwatsu da rassan itace. Irinsu ne ya same ka. Ka ce abokinka Mati, mutumin Kabo, ya cire hularsa a bakin rafi zai yi shafar kai ta alwala, kafin ya mayar aka saki igwa, ko shurawa bai yi ba. Taku kaɗan ne tsakaninku. Shi ya sa duk damina, in hadari ya haɗo aka fara tsawa, sai ka zaro hular daga maratayi ka kifa a ka, ka ɗaure igiyar haɓa, ka zauna a bakin ƙofa kana kallon ƙasa. Yara suna leƙe suna dariya. Ni ba dariya nake ba, tausayinka nake ji, amma ban san yadda ake faɗa wa namiji haka ba. Sai dai in kawo maka kunu in zauna kusa.

To, Kofur, bayan rasuwarka abin ya wuce inda ka bar shi. Ba a yi arba'in ba aka fara zuwa aron hula. A zuba ruwa a ciki ya kwana, da safe a sha. 'Yan tauri sun sha, 'yan dambe sun sha, maharba sun sha, har mata masu goyon da ke fama da ciwon kai. Duk wanda ya mayar da ita sai ya biya ta wajen Malam da 'yar kaza ko damin gero. Shi kuwa tsoho yana zaune a buzunsa, ba ya gani, sai ya ce ikon Allah ne, fuskarsa tana haske. Ba shi da sauran abin alfahari a duniya sai wannan. Ta yaya zan buɗe baki?

Ɗanka ya fi kowa sha. Ya zama ƙato, ya yi dambe a Kabo ya kayar, ya dawo yana cewa shi ƙarfe ba ya cinsa, gadon gida ne. Da aka yi shelar ana ɗibar sababbin soja a Zariya, shi ya fara zuwa ƙofar Dagaci. Na aika ƙaninka Audu ya yi masa faɗa, ya ce wa baffan nasa me zai ji tsoro, ga abin da ya dawo da ubansa. Na aika Ladi ta yi masa kuka, ya saya mata goro. Ka san ni da shi sai dai aike. Ɗan fari ne, a ɗakin mahaifiyarka ya tashi, ban taɓa zama na dubi tsabar idonsa ba. Na yi ta juya abin a raina: in na yi shiru, yaro zai tafi yana tsammanin harsashi zai kauce masa. In na yi magana, na tuɓe wa ubana rawani.

Ran nan da hantsi na ajiye kunya. Na kira shi ƙofar ɗakina, na miƙa masa hular da aska, na ce ya farke ƙyallen da ke cikinta ya ciro mini layar kakansa. Ya dube ni kamar na zautu, amma ya farke. Ya laluba gaba, ya laluba baya. Babu komai sai tsatsa da ruɓaɓɓen zare. Sannan na ba shi labarin dara, da labarin Mati, da abin da tsawa take yi maka, duk yadda ka ba ni. Na yi tsammanin zai yi fushi, ko jikinsa ya yi sanyi ya koma gona.

Ya daɗe yana shafa ramin nan da babban yatsa. Can ya ce, "Ashe Baba ya san babu komai a kansa sai ƙarfe, kuma ya tsaya."

Daga jin muryarsa na san na rasa shi. Gaskiyar da na ɗauka za ta riƙe shi, ita ta ƙara tura shi. Ya nemi allura ya ɗinke ƙyallen da kansa, ya ce kada kowa ya ji, kada ya kai kunnen Malam. Halinka sak. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ni da na haife shi da rarrafen na fi so. Ranar kasuwar Gwarzo da ta wuce ya hau mota. Ya durƙusa na sa masa albarka, don ba zan bar shi ya tafi da nauyin bakina ba. Sun ce yanzu babu yaƙi. Haka suka ce lokacin da ka shiga.

Da kana nan, za ka hana shi? Ko kuwa za ka karkata masa hula ka koya masa yadda ake sara wa Bature? Na yi daidai da na faɗa masa? Tsoro nake ji, Kofur, kuma kewarka nake yi fiye da ranar da aka fita da kai.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Shekaranjiya wani dattijo ya zo daga Kabo, ya yi sallama a zaure, ya ce a taimaka masa da aron hula. Autansa ne ya ji ɗan Kofur ya tafi, shi ma zai bi, yana so a jiƙa masa ya sha kafin ya hau mota. Na tsaya a bayan ƙofa ina jinsa. Na aika aka ce masa ya yi haƙuri, hula ta tsufa ta huje, ba ta riƙe ruwa. Ya ce to ai shi ke nan, bari ya je ya sake yi wa yaron magana.

Da ya tafi na sauko da ita, na kife ta a kan turmi, na samo ƙusa da taɓarya. A tsakiyar ramin nan na kafa ƙusar, don nan ya fi laushi. Sai da na buga har hannuna ya yi tsami kafin ta shige. Abin da igwar Burma ta kasa yi wa hularka, matarka ta yi mata shi da rana tsaka, tana kuka. Na share ta, na shafa mata man gyaɗa, na mayar da ita inda kake rataye ta. Ka yafe mini. Ba ɗan da zai ƙara shan ruwa a cikinta.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta, ya tsare mana wanda ya tafi. Sai na zo.

Ni ce matarka,
uwar Ladi, daga Garo.