Ɗakin Inna a Bakin Aƙiƙ

Asabar, 13 ga Shawwal 1427 (2006)

Walid ya sake zuba ɓaraguzan gini a cikin wadin Aƙiƙ, busasshen kwarin da ke bayan gidanmu a nan Madina, daga filinsa na tsallake. Wai istiraha, gidan shaƙatawa, zai gina ya riƙa bai wa masu biki haya. Ƙanina, wanda na goya! Ya cinye kusan rabin hanyar ruwa, kuma daidai inda ɗakin Inna yake a namu gefen.

Talata, 16 ga Shawwal

Bayan ɗalibai sun tashi na zauna gaban kwamfutar kulliya, kwalejin da nake koyarwa. Na ba ta lissafin ruwan saman Madina na shekaru, faɗin wadi, irin ƙasar unguwarmu ta Jurf mai rugujewa kamar garin kwaki, na ƙara da jujin Walid. Yanayi ya sauya: ruwa ya rage zuwa, amma in ya zo, na shekara ne a wuni guda. Hanyar ruwa ta matse, sai ya ƙara gudu ya daki gefenmu. Jan layin zaizayar ya bi ta tsakiyar ɗakin Inna.

Na buga sakamakon, na kai wa Walid takardar. Ya riƙe ta a juye.

"Ya duktura, yaushe rabon Aƙiƙ da ruwan kirki? Khalas, shi ke nan, duniya ta bushe."

Na ce ruwa kamar mutum ne, daɗewa a tafiya ba ta sa ya manta gidansa. Ya ce da na yi aure da na huta da wadi. Wannan ce hujjarsa ta kimiyya.

Laraba, 17 ga Shawwal

Na kai ƙara baladiyya, hukumar gari, sun ce a turo namiji ya bi takardar. Namijin gidan shi ne mai jujin.

Litinin, 22 ga Shawwal

An yi sallar roƙon ruwa. An ce Walid a sahun gaba yake. Ni ma na roƙa, na ce Allah Ya kawo shi da ƙarfi, Walid ya gani da idonsa. Ban janye ba.

Alhamis, 25 ga Shawwal

Na gyara wa Inna ɗakin gaba, sabon labule, sabuwar darduma. Ta leƙa, ta koma nata.

"Shafa'atu, da ƙafa na zo garin nan daga Gobir, ina yarinya. Daga tagar nan nake ganin dutsen Uhudu. Ba akwatinki ne zai tashe ni ba."

Akwati, wai kwamfuta ke nan. Shekarun karatuna duka, akwati.

Juma'a, 3 ga Zulƙida

An yi ruwa, ba mai yawa ba. Aƙiƙ ya taho, Madina ta fito kallo kamar yadda ta saba: tabarmi, butocin shayi, yara na ihu "Sail! Sail!", wato ambaliya. Walid a kan jujinsa yana ɗaukar hoto.

Ni ina bayan gida. Ruwan ja ne, yana karkatowa wajenmu. A gabana gaɓar ta ɓalle, guntu kamar girman ƙofa, ba ko ƙara. Katangar Inna ta tsage daga ƙasa.

Lissafina ya ce sai an yi ruwa ninkin wannan kafin haka ta faru. Na yi kuskure, kuma ba ta inda zai amfane mu ba.

Lahadi, 5 ga Zulƙida

Walid ya aiko a shafe tsagar da siminti. Bai shigo ba.

Asabar, 11 ga Zulƙida

Hadari ta yamma tun safe.

Na koma kan kwamfuta. Na rage adadin ruwan. Na sake ragewa. Na ƙara wa ƙasarmu taurin da na san ba ta da shi. Da ɗaliba ce ta yi haka da na kayar da ita. Layin bai bar ɗakin ba.

Na kai katifata ɗakin Inna, gefen katangar. Ta tambaye ni dalili, na ce nawa ɗakin da sauro. Ta dube ni, ta matsar da carbinta.

Lallai ana ganin Uhudu daga nan.