Fiyanon Abah Mai Huci

Litinin, 7 ga Agusta

Kundin waƙoƙin Euis ya fito. Ƙanwata, wadda ni na koya mata riƙe makirufo. A kaset ta fitar da shi, wai don ya yi kama da na zamanin iyayenmu. Yaran birninmu, Bandung, da ba su taɓa mayar da zaren kaset da biro ba sun yi layi suna saye. Ta aiko min da ɗaya, yana nan cikin ledarsa a kan firji.

Laraba, 9 ga Agusta

Wani mai sharhi ya rubuta cewa muryarta "ba ta da ado, shi ya sa take ratsa zuciya". Mu a gida cewa muke yi ba ta kaiwa sama. Ni tun ina budurwa nake waƙa a bukukuwan aure a otal-otal, ban taɓa kauce wa kiɗa ba, amma abin da na fi samu shi ne uwar amarya ta aiko a ce in rage murya, ana cin abinci.

Kishi nake yi, to. Wa zai karanta wannan?

Asabar, 12 ga Agusta

Yanzu kuma fiyanon suke yabo. Tsohon fiyanon lantarki na mahaifinmu, marigayi Abah, wanda ni ya bar wa, na ara mata ta ɗauki waƙoƙin da shi. Akwai maɓalli ɗaya a tsakiya da ke huci in an danna, kamar tsoho ya hau bene. Ruwan sama ne ya shige shi a wani biki, Abah ya yi ta cewa gobe zai kai gyara har ya koma ga Allah. Mai sharhin ya ce hucin nan "basirar Euis ce". Basirar ruwan sama dai. Masu saurare sai rubutu suke yi, wannan ya tuno kakarsa, waccan ta yi kuka a mota. Sunana bai fito ko sau ɗaya ba.

Lahadi, 13 ga Agusta

Gidan Ambu, mahaifiyarmu. Maƙwabta sun cika falo. Euis ta biyo ni kicin.

"Teh Nenden, kin saurara?" in ji ta. Teh take ce min, wato Yaya.

"Ban samu sukuni ba, Neng," na ce mata, yadda ake kiran yarinya a wajenmu.

Ta roƙi in bar mata fiyanon har ranar wasan da za ta yi a dandali. "Wallahi don shi za su zo, Teh, ba don ni ba." Na ce ina da buƙatarsa, zan dawo mata da shi kafin ranar.

Talata, 15 ga Agusta

Na kai fiyanon wurin Mang Tisna mai gyara. Ya danna maɓallin, ya yi dariya. "Neng, ai wannan babanku ne da kansa. Kin tabbata?" Na ce ya gyara komai.

Taimako ne. Wa ke hawa dandali da kayan kiɗa marar lafiya?

Juma'a, 18 ga Agusta

Fiyanon ya dawo garau, sak irin na otal. Na danna maɓallin na tsaya ina jira, ban san me nake jira ba.

Asabar, 26 ga Agusta

Wasan. Zauren ya cika maƙil, ni da Ambu muna gaba. A waƙa ta uku kowa ya yi tsit, wasu sun ɗaga waya. Euis ta danna maɓallin nan, sauti ya fito tas, ba huci. Ta sake dannawa. Sai ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da waƙarta. An tafa mata sosai, yawancinsu ba su ma gane ba.

Bayan an tashi abin da ta ce kawai shi ne, "Na gode da gyara, Teh." Da ma ta zage ni.

A hanyar gida Ambu tana kallon taga ta ce, "Ni fa babanku na zo ji."

Litinin, 28 ga Agusta

Na biya ta shagon Mang Tisna, da ma hanyata ce. Tsohon ƙarfen da ya cire daga fiyanon tuni ya tafi bola.

Na aro rediyon Ambu na yage ledar kaset ɗin nan. Muryar Euis har yanzu ba ta kai sama ba, wannan ba zan janye ba. Amma a waƙa ta uku tana ɗan dakatawa kafin maɓallin, tana ba shi wuri, yadda muke yi wa Abah in zai yi magana a wurin cin abinci. Ban san ta iya wannan ba. Mai sharhin ma bai lura ba.

Na nemo biro na mayar da zaren baya.