Tsohuwar Da Ta Goyi Ylfa

Reykjavík,
Asabar.

Zuwa ga Mamma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da duk mutanen Ísafjörður. Kafin ki ci gaba, ki zauna. Jikarki Ylfa tana nan lafiya ƙalau, amma shekaranjiya an ɗauke ta.

Matata Sóldís ta tafi aiki, reno ya faɗo kaina. Na shiga shagon kofi, na bar yarinyar tana barci a kekenta na jarirai a waje, a bakin taga, cikin ulu da fatar tunkiya, yadda kika riƙa barina a waje, yadda kowa ke yi a ƙasar nan. Na buɗe littafi. Kin san ni da littafi tun ina jirgin kamun kifi. Da na ɗago kai, keke na nan, ba Ylfa.

Mamma, ban san ina da irin wannan muryar ba. Na bi titi ina ihu, na leƙa motocin mutane, na shaƙe wani bawan Allah da ba ruwansa. Mai shagon ta kira 'yan sanda. A gidan burodi na tsallake muka same ta, goye a bayan wata tsohuwa, an ɗaure ta da zane a kan rigar sanyi.

Ba sunan da ban kira matar nan ba, ɓarauniya ne mafi sauƙi a ciki. Ashe baƙuwa ce. Sunanta Nabanda, daga Malawi ta je wurin ɗanta Kondwani a Kanada, ya kwaso ta da iyalinsa za su hutu Norway, jirgi ya yada zango da su a nan.

'Yar sandan da ta zo ta ce magana tana hannuna: in na shigar da ƙara, za a riƙe tsohuwar, jirginsu na yamma ya tashi ya bar su. Kondwani yana ta roƙona, yaransa sun maƙale masa. Ita kuwa ko gezau. Ta sa ɗanta ya fassara mini cewa ta ji jaririya na kuka cikin ƙanƙara, ta tsaya, ta buga taga, wani mai gemu bai ko ɗago daga littafinsa ba.

Har na buɗe baki zan ce a rubuta ƙarar, sai na dubi Ylfa. Yarinyar da ta hana mu runtsawa tun da haƙori ya fara fito mata, ga ta tana minshari, ta damƙe wuyan rigar matar. Na ce a bar su su tafi. Kada ki ce na yi taushi, har yanzu raina a ɓace yake.

Da za su shiga mota na ba Kondwani shawara: a Norway ma za su ga jarirai a waje, ya ja wa uwarsa kunne. Ya fassara mata. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "In na ji kuka, zan ɗauka."

Zanen ta bar mana shi. Na gwada ɗaurin, yana ta kwancewa, Sóldís sai dariya take mini. Ko kin san yadda ake yi?

Ki gaida Torfi da mutanen gida.

Ɗanki,
Styrmir