Jifan Hashim

Aziziyya, Jidda
Watan Rajab

Zuwa ga Mailafiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da 'yarka A'i da sauran yara. Na rubuto ne don na san injin casar shinkafar nan ya gama da kunnuwanka, in na kira sai dai mu yi ta "iye? iye?" Ka sa A'i ta ɗauki hoton amsarka ta turo mini.

Maganar ɗanka Ikrama ce. Ka san tuƙi yake yi a wani gida a Abhur. Kusa da gidan akwai filin da baƙi ke wani wasa, besbol suke ce masa. Mutum ɗaya zai tsaya kan ɗan tudu ya jefo ƙwallo mai tauri kamar goruba, wani ya yi ƙoƙarin dukanta da sanda. Ɗanka ne mai jifan, kuma an ce a Jidda babu kamarsa. Sauran masu jifa akan hutar da su, shi kuwa bai taɓa cewa ya gaji ba, har suna kiransa Hadid, wai ƙarfe.

To, ƙarfen ya fara lanƙwasa. Gwiwar hannunsa ta dama ta kumbura, da hagu yake ɗaukar kofin shayi yana tsammanin ban gani ba. Na ja shi wurin Likita Idris, wani Bazazzagi mai gashin ƙashi da ya zo aiki nan. Ya kalli bidiyon jifansa ya ce ciwon daga ƙafa ya taso. Wai mai jifa da ƙafar baya yake tunkuɗa ƙasa, ƙarfin ya hau cinya ya bi ƙugu, hannu sai dai ya raka ƙwallon. Shi kuwa ɗanka jan ƙafar dama yake yi, hannu kaɗai ke shan wahalar. Ya dudduba ƙafar ya ga lafiyarta ƙalau, sai ya ce, "Hajiya, wa ya koya wa yaron nan? Ai jifan gurgu yake yi."

Kai ka san amsar. Tun da ƙarfe ya faɗo wa yayanka a ƙafa a tashar jiragen ruwa aka mayar da shi cikin masu jefa igiyar ɗaure jirgi. Da wannan ƙafar ya koya wa yaron jifa a bakin teku, yaro ya kwashe komai har da ɗingishin.

Likita ya ce in bai canja ba jijiyar za ta tsinke, ko sitiyari ba zai iya riƙewa ba. Ikrama kuma ya ce halas, wato magana ta ƙare, ba zai bar jifan ubansa ba. Kai ne ubansa yanzu, ka yi masa magana.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba. Duk Juma'a da la'asar nakan je in tsaya bayan shingen wayar filin. Da ya karkata kafaɗa ya ja ƙafar nan, wallahi marigayi nake gani tsaye a kan tudun. Wata Juma'ar ma sai in koma. Kabari a nan ba ya da alama, hotonsa kuwa na katin izinin zama, iƙama, ne kawai a hannuna.

Ka gaida kowa da kowa.
Matar yayanka,
Hindatu

*

Hadeja
Watan Sha'aban

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai zafi. Na ga tsufa bai hana ki tsokanata ba. Kunne dai ya tafi, amma ido yana nan, kuma na karanta har ƙarshe.

Besbol ɗinku ban san shi ba, amma jifa na sani. Kada ki ji haushi, Hindatu, ke gurgu kika aura. Ba ki taɓa ganin Yaya Hashim da ƙafa biyu ba. Muna samari Baba kan tura mu fadama korar tsuntsayen janbaki daga shinkafa, ni da gwangwani, shi da hoge. Zai ɗaga ƙafar hagu har gwiwa ta kusa taɓa ƙirji, ya tunkuɗa da ta dama, ya yi wani dogon taki kamar mai tsallake rafi. Inda ya tsaya sai ki ga rami a laka. Hogen yakan wuce gonarmu ya faɗa ta maƙwabta, Baba ya sha ba da haƙuri. Wuni yake yi yana jifa, ban taɓa jin ya ce hannu ba.

Ki ba yaron wannan takarda ya karanta da kansa. Abin da yake riƙe da shi ƙarfen tashar nan ne ya koya wa ubansa, ba da shi aka haife shi ba.

Maganar ganinsa da kike yi kuwa, ba zan ce ki daina zuwa ba, don ni da zan samu da na je. Tun da ya tafi umara bai dawo ba, yanzu in na rufe ido fuskar ma ba ta zuwa.

Allah ya ji ƙansa. Ki gaida ɗana.
Mailafiya

*

Abhur
Watan Shawwal

Baffa,

Salamu alaikum. Ma'alesh, ka yi haƙuri, Hausata ta rubutu ba ta da kyau, kuma da hagu nake rubutawa.

Ummi ta ba ni takardarka. Gaskiya ban yarda ba. Na ce kai da Duktur Idris kun haɗa baki ne. Abuya da na sani bai taɓa ɗaga ƙafa ba, ya'ni ni na gan shi da idona, kai kuma labari kake ba ni.

Bayan salla muka yi wasan ƙarshe. Kafin in fita na tambayi Ummi, "In canja?" Ta yi ta kallona ba ta ce komai ba, sai na tafi na yi jifana yadda na saba. Can tsakiyar wasa na ji wani abu ya ce tas a gwiwar hannuna. Ƙwallon ko rabin hanya bai kai ba. Duktur ya ce jijiyar ta tsage amma ba ta rabu ba, in na sake yi halas. Maigidana ya sa wani a motar kafin in warke. Riga ma Ummi ke sa mini.

Baffa, ina da tambaya ɗaya. Ramin nan da Abuya yake bari a laka, da diddige yake yi ko da yatsu?

Ɗanka,
Ikrama

*

Hadeja
Watan Shawwal

Ɗana Ikrama,

Wa alaikas salam. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Taurin kan nan ma ai gado ne, ba zan yi maka faɗa ba.

Tambayarka ta kai ni fadama, don da ka ba zan iya tunawa ba. Na ɗauki hoge na gwada, na faɗi zaune a laka, A'i ta yi dariya har da riƙe ciki. Amma na tuna. Da gefen ƙafa yake yi, ta ciki, babban yatsa ne ke barin ƙasa a ƙarshe. Kuma ba ya sauri, sai ƙugu ya wuce sannan hannu ya biyo.

Kada ka ga laifin uwarka kan shirun da ta yi.

Baffanka,
Mailafiya

*

Aziziyya, Jidda
Watan Rabi'ul Awwal

Mailafiya,

Assalamu alaikum, da fatan kun ga damina lafiya. Ka yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba.

Ɗanka ya warke, ya koma motarsa. Watannin nan duk a ƙafa suka ƙare. Likita ya hana shi taɓa ƙwallo, sai tsugunno da tsayuwa kan ƙafa ɗaya, sai jifa da tawul a hannu yana duba takardarka. Juma'ar da ta wuce ya koma kan tudun. An ce jifan ya fi na da ƙarfi, kuma ya dawo gida babu kumburi. Na gode maka, na gode wa Allah.

Na je na tsaya a inda na saba. Ya ɗaga ƙafa, ya yi dogon takin nan naka, mutane suka yi ta tafi. Ni kuwa ina ta jiran kafaɗar ta karkata, ko sau ɗaya. Har aka tashi ban ga marigayi ba, Mailafiya. Wani saurayi ne kawai mai ƙarfi yake jifa. Na zauna a motar haya ina kuka kamar ranar da aka zo mini da labarin rasuwarsa daga tasha.

Ga bidiyon na turo wa A'i.

Hindatu

*

Hadeja
Watan Rabi'ul Awwal

Hindatu,

Wa alaikumus salam. Na kalla. Yau ba ni da bakin tsokana.

Shi ne. Yaya ne, a shekarar da zai tafi, har yadda yake sunkuyar da kai bayan ya saki. Ina zaune bakin injin A'i ta miƙo mini wayar, ban san lokacin da na kira sunansa da ƙarfi ba, har masu casa suka juyo. Na kalla na sake kalla, sai da ta ƙwace wayar. Jiya da hantsi na bi ta fadama, na kasa ɗaga ido in dubi gonarmu, gani nake yana tsaye a kan kunya.

Don Allah duk wasan da ya yi ki turo mini.

Mailafiya

*

Aziziyya, Jidda
Watan Rabi'us Sani

Mailafiya,

Assalamu alaikum. Ga na wannan Juma'ar. Abokinsa Muath ne ya ɗauka, ni na daina zuwa. Hannun lafiya lau, alhamdu lillahi, kuma ba zan so ya koma yadda yake da ba.

In ka kalla, ka rubuto mini yadda yayanka yake a lokacin. Ka faɗa mini komai, kada ka rage. Ni ban san wannan mutumin ba.

Ka huta lafiya.
Hindatu