Kwanon Rufin Malam Usumanu

Gumani, Tamale
6 ga Fabrairu, 1983

Zuwa ga Malam Usumanu tela, Fagge, Kano.

Gaisuwa mai yawa daga tsohon maƙwabci. Ina fata kana lafiya, kai da Rakiyatu da yara. Ni ne Bulus Tahidu, mai wa'azi a ƙaramin cocin Gumani, wanda katanga ɗaya ta raba gidajenmu a Zongo, unguwar Hausawa. Shekara goma sha uku ban rubuto maka ko layi ɗaya ba, sai yau da buƙata ta kama ni. Kunya nake ji. Wani direban motar goro ne ya yarda ya kawo maka wannan.

Ka san gwamnatinku ta ba baƙi mako biyu su bar Najeriya. 'Yata Lamisi, wadda ka ɗinka wa rigar shiga makaranta, tana koyarwa a Sabon Gari shekara uku ke nan. Kullum motoci suna sauke mutanenmu da aka koro a tashar Tamale, wasu da katifa a ka, wasu da rigar jikinsu kaɗai. Uwarta Zalia tana yini a can tana nuna hotonta, ba wanda ya gan ta. Don Allah, Malam, ka nemo mini ita.

Ranar Lahadi jama'ar coci suka so in tsine wa Najeriya. Na hau mumbari da niyyar yi, na sauko ban yi ba. Na tuna mu ma mako biyu muka ba ku ku bar ƙasarmu a 1969. A lokacin na yi wa'azi cewa kowace hukuma daga Allah take, ba mai ja da ita. Washegari ka fito da keken ɗinki a ka, ka danƙa mini makullin gidanka amana.

Akwai magana a kan gidan, amma yau hannuna ya ƙi rubuta ta.

Naka,
Bulus

20 ga Maris, 1983

Malam Usumanu,

Ina sake gaishe ka, da fatan zafin Kano ya zo muku da sauƙi. Mako shida ba amsa. Ban ga laifinka ba, kuma ba zan ƙara roƙonka da ƙarya a bakina ba.

Damina ta farko bayan tafiyarku iska ta yaye rufin cocinmu na ciyawa. Na ɗauki makullinka, na kai kafinta, muka kwance kwanon gidanka kaf, muka rufa coci da shi. Na ce wa jama'a wani bawan Allah ne ya ba da kyauta, suka yi ta guɗa. Wa kaina kuwa na ce ai aikin Ubangiji ne, kuma ba dawowa za ka yi ba. Ruwa ya cinye ɗakunanka, yanzu awaki ke kwana a inda kake ɗinki. Sunanka da ka rubuta da fenti da ajami yana nan a cikin kwanon, bisa kan mumbari. Mutanena ba sa karanta ajami, suna zaton tambarin kamfani ne. Ni ina karantawa, tunda kai ka koya mini.

Nan gari yunwa ta yi ƙamari. Gobarar daji ta cinye gonaki har wajen Gbalahi, mata suna layi tun asuba don jar masarar agaji. Samarin kwamitin juyin juya hali suna cewa laifin Amurka ne, dattawan cocina suna cewa laifin Rasha ne da Libiya, kowa da rediyo a kunne yana neman wanda zai zaga a nesa. Ni ma na ƙware a wannan. Na yi wa'azi a kan zaluncin Afirka ta Kudu har muryata ta dushe, da kwanon sata a bisa kaina. Duk gwamnatin da ta kasa ciyar da mutanenta, baƙo take nunawa da yatsa, taku da tamu duka. Amma ba gwamnati ce ta hau tsani ta zare ƙusoshin gidanka ba.

Zalia ta daina zuwa tasha, ƙafafunta sun kumbura. Ni nake zuwa yanzu. Idan ba za ka yafe mini ba, hakkinka ne. Yarinyar dai tana shekara tara lokacin da na yi abin.

Mai neman gafararka,
Bulus

15 ga Mayu, 1983

Aminina Malam Usumanu,

Gaisuwa da godiyar da takarda ba za ta ɗauka ba. Lamisi ta iso ranar Talata, lafiya lau, har ta fi mu ƙiba. Zalia ta rungume ta, suka zube ƙasa tare.

Ta ba mu labari duka. Ashe tun ranar da aka yi sanarwa, kafin in ɗauki alƙalami, ka bi makarantun Sabon Gari ɗaya bayan ɗaya har ka same ta, don wani ɗan goro ya taɓa gaya maka tana can. Rakiyatu ta yafa mata mayafi, ta zauna cikin 'ya'yanka wata uku, kana ce wa masu tambaya 'yar ɗan'uwanka ce. Ran Lahadi kuma kana sa a bar mata ɗaki ta yi addu'arta. Wasiƙuna biyu sun kwana a garejin direba, sai a Afrilu suka same ka tare.

Na karanta amsarka da Lamisi ta kawo sau uku. Ka ce labarin kwanon ya same ka tun 1971, ka yi shekara biyu ba ka son jin sunana, daga baya ka bar wa Allah. Wato da sanin abin da na yi ka fita neman 'yata. Wannan ya fi mini zafi a kan zagi.

Yau na faɗa wa jama'a a coci. Na nuna musu rubutun, na karanta musu sunanka. Wasu sun yi kuka. Dattawa biyu sun fita, sun ce na tozarta coci a idon Musulmi, za su kai ƙarata ga manya. Mai yiwuwa a sauke ni, ban kuwa da bakin musu.

Ka ce kada a kwance kwanon, mai salla ba ya yaye rufin masu addu'a. Sai ka tambaya ko falle ɗayan nan mai huji, wanda ka yi ta niyyar liƙewa, yana yoyo har yanzu. Yana yi, Malam, daidai inda nake tsayawa. Shekara goma sha uku in ruwa ya sauko sai in matsa gefe in ci gaba da wa'azi. Bana ko ɗigo ba mu gani ba tukuna. Ku taya mu roƙo a can. Ranar da ya sauko, ba zan matsa ba.

A gaida Rakiyatu, Zalia ta ce ba ta da bakin gode mata.

Maƙwabcinka,
Bulus Tahidu